Muryar Uwar Famfo

Ƙanwata,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran. Ni ƙalau nake, in ban da ɗan tarin da na kwaso a can, wanda Gwoggo ta lashi takobin sai ta kore shi da jiƙe-jiƙe, ko kuma ta kore ni gaba ɗaya. Tana gaishe ki. Ƙafar ce dai har yanzu, amma bakinta garau yake, ba abin da ya same shi.

Na fito. Na san kin ji, don har jaridar da ba ta taɓa buga hotona ba lokacin da nake tashe, ranar ta buga shi, ina rungume da leda a ƙofar gidan yari. Ban tsaya a garinku ba, nan wurin Gwoggo na wuto. Waya kuma na ƙi riƙewa, don duk ɗan jaridar da ya tambaye ni "yaya kika ji a ciki?" zagi zai sha. Direban da ya kawo miki wannan yana bi ta tasharku duk mako, shi za ki ba amsa.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, kuma ni na ɗauko ki na sama miki aikin buga rubutu a gidan rediyon nan, don haka ina da bakin tambayarki. Ban daɗe da shiga ba, wata safiya ina durƙushe ina goge baranda, wata gandiroba ta kunna rediyonta. Sai na ji kiɗan buɗe wasanmu, Bakin Famfo. Na ce a raina, to yau zan ji yadda suka kashe Uwar Famfo, mota ce ko zazzaɓi. Kawai sai na ji ta tana magana, tana kaɗa mabuɗin famfo, tana korar masu tsallake layi da bokitansu kamar ba abin da ya faru. Matar da na yi shekaru ina fitowa a matsayinta, ni na ƙago mata tsakinta da komai nata! Gandirobar ta dube ni, ta dubi rediyo, ta ce, "Ke, ashe ku biyu ne?" Matan ɗakinmu suka samu abin yi. Wata ta ce ai ni ce ta jabu, ta ainihin tana waje tana shan iska.

Nan take na gane ke ce. Duk danginmu ta wajen uwa muryarmu ɗaya, amma ke kina haɗiye ƙarshen magana in kin tsorata. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne dariyar. Wannan tawa ce, ba ki iya ta ba, ba za ki taɓa iyawa ba. Ina durƙushe da tsumma a hannu na ji kaina ina ƙyaƙyatawa a rediyo. Ki faɗa mini yadda aka yi haka.

Ba faɗa na rubuto ba. Kin riƙe mini wuri, na gode, yanzu na dawo. Ki gaya wa Darakta ya shirya mini rubutun sati mai zuwa. In kuma ya tambaya ko na yi nadama, ki ce masa mutumin da ya watso kayan maƙwabciyata titi ana tsuga ruwa, da goyo a bayanta, ya kuma ɗaga hannu zai mare ta, shi na sauke wa kujera a hannun. Hannu ya karye, alƙali ya yanke, na zauna na cika wa'adina. Gobe in na sake ganin irin haka, kujera zan nema.

Yayarki

*

Yaya,

Na amsa sallamarki da farin ciki. Mu duka lafiya, maigidan yana yi miki barka da arziki, yaran kuma sun ce a gaishe da Mama ta rediyo. Allah Ya ƙara wa Gwoggo sauƙi. Wallahi da na ga rubutunki sai da na rufe ƙofar ofis na yi kuka mai isata.

Na so zuwa duba ki a can, kunya ce ta hana ni. Ga yadda aka yi. Satin da aka yanke miki hukunci, ina ofis ina karanta rubutun da na buga da ƙarfi don in kamo kurakurai, kin san haka nake yi. Sai ga Darakta ya banko ƙofa a guje, ya zaci an sako ki. Ya tsaya yana kallona baki buɗe, sannan ya ce in sake karantawa. Kamfanin sabulun da ke ɗaukar nauyin wasan ya riga ya ce in an dakatar da shiri to shi ya janye, kuma kin san mutanen da suke ci a bayan wasan nan. Na ce ba zan iya ba. Ya ce, "Ba ke za ki yi ba, muryar gidanku ce za ta yi, ke dai ki buɗe baki." Haka na tsaya a gaban makirufo.

Dariya kuwa gaskiyarki. Na gwada har na gaji, Injiniya ya ce tawa kamar ana jan ƙofar kwano. Sai ya yanko taki daga tsofaffin shirye-shirye ya ɗora ta a kan maɓalli ɗaya. In an zo wurin sai in yi shiru, shi ya danna. Duk sanda ya danna sai in ji kamar an shigo da ke ɗakin an sake fita da ke.

Na kai wa Darakta saƙonki, amma na rage maganar kujera. Ya ce ƙofa a buɗe take, sai dai kamfani ya kafa sharaɗi. Sai kin fara fitowa a shirin hira kin roƙi gafarar masu saurare da ta mutumin nan. Har sun rubuta abin da za ki faɗa, da wurin da za ki ɗan dakata kamar kuka ya ci ƙarfinki. Ni na buga shi da hannuna, Yaya, ina bugawa ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Direba ya ce mini tarin nan ba ƙarami ba ne, tun daga ƙofar gida ya jiyo shi. Ni dai a ganina ki huta tukuna, ba gaggawa. Uwar Famfo tana hannu mai kyau.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Muna lafiya, ina fatan ku ma haka. Gwoggo ta ce in gaishe ki, na gaishe ki.

"Hannu mai kyau." Na karanta layin nan har sai da Gwoggo ta ƙwace takardar ta tura ƙarƙashin filo. Ashe har an kai nan? Yarinyar da na kai ofis tana ɓuya a bayana, ko gaisuwa sai na zungure ta, ita ce yau take ce mini in huta! Na huta, ƙanwata. Na huta a kan siminti, na huta a layin ƙirga mutane safe da yamma, hutun da ya ishe ni har ƙarshen rayuwata. In kujerar ta yi miki daɗi ki fito fili ki faɗa, kada ki laɓe a bayan tarina.

Maganar roƙon gafara kuma, ki ce da Darakta ya naɗe takardarsa ya toshe ɓarakar tagar ofishinsa da ita, ta fi amfani a nan. Gafarar wa zan roƙa? Masu saurare ban taɓa ko yatsansu ba. Mutumin kuwa hukuma ta riga ta rama masa, da shekarun raina ta rama. Kuka nakan yi shi in an rubuta wa Uwar Famfo, wannan sana'a ce. Amma a rubuta mini nawa na kaina, har da inda zan ja numfashi, don a sayar da sabulu? Ba a haifi wanda zai sa ni ba. Na ga waɗanda suka fito kafin ni, mawaƙa da 'yan ƙwallo, kowa ya sa fararen kaya ya zauna gaban kyamara yana share ido, mutane suna tafa masa kamar biri ya yi rawa. Ni ba za a ga wannan ranar ba.

Ga tawa shawarar, ki kai masa ba ragi wannan karon. A kira masu saurare na gaske, waɗanda suka bi wasan tun farko, a zaunar da su a wani ɗaki da lasifika. Ni da ke mu karanta fitowa ɗaya, kowa da nata zagayen, ba maɓalli, ba a faɗi wace ce wace ba. Su nuna Uwar Famfo. In ni suka nuna, in koma wurina ba roƙon kowa. In ke suka nuna, in tattara in bar muku. Zan ga kunnen da zai kasa gane ni.

Yayarki

*

Ƙanwata,

Gaisuwa. Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu rabbana. Amma ina jin ki a rediyo duk sati, muryarki lafiya lau, don haka ba ciwo ne ya hana ki ba. In tsoro ne ya kama ku ke da Daraktanki, ku faɗa. In kuma shirun shi ne amsar, to ki sani ban manta hanyar gidan rediyo ba, kuma maigadi bai isa ya tare ni ba.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki da Gwoggo, Allah Ya sa tarin ya lafa. Ki yi haƙuri da shiruna. Ƙaramin ne ya yi ƙyanda, daga asibiti nake zuwa ɗaukar shiri in koma. Muryar da kika ji lafiya lau, a tsaye kawai take. Yanzu ya warware, har ya fara ɓarna.

Takardarki ta ƙona mini rai, ba zan ɓoye ba. Hannu mai kyau da na ce, nufina hannun gida, ba na bare ba, mai jiran ki zo ki karɓi abinki. Ban taɓa zama a kujerarki ba, Yaya. Tana nan a kusurwa da ɗankwalin da kika manta a kanta, ni a tsaye nake karantawa.

Na kai wa Darakta shawararki yadda kika faɗe ta, har da maganar taga. Ya yi dariya har da buga tebur. Bayan kwanaki ya ce kamfani ya yarda, kuma sun sa hannu cewa in an zaɓe ki ba maganar roƙo. Ina jin sun ɗauka abin nishaɗi ne. An zaɓo mutanen daga cikin masu aiko wa shirin saƙo tun shekarun farko: akwai tela, da direban tasi, da wata nas, da wata tsohuwa mai wankau da aka ce ko rasuwa aka yi a layinsu sai ta saurari wasan. Fitowar da za mu karanta ita ce inda Uwar Famfo ta kama matar mai gidan haya ta tsallake layi. Akwai dariya a ƙarshenta.

Ranar Laraba ta sama ne, da hantsi. Ki sauka a gidana don Allah, na gyara miki ɗakin yara. Kada ki damu da komai, na san abin da zan yi.

Ƙanwarki

*

Yaya,

Ina fatan kin isa lafiya, kin tarar da Gwoggo lafiya. Mu nan jiki lafiya, zuciya ce ba lafiya. Kin tafi ba sallama, jakarki ma maigidan ne ya bi ki da ita tasha. Tun da ba ki tsaya kin saurare ni ba, to ki karanta.

Eh, da gangan na ɓata karatun farko. Na yi in'ina, na haɗiye kalmomi, na bar tsakin ya faɗi ƙasa. Ina laifina? Abinki ne, na so in miƙa miki. Amma kika rufe makirufo da tafin hannu, kika mintsine ni a damtse, har yanzu wurin shuɗi ne, kika ce, "Ni za ki yi wa sadaka? Ki karanta kamar 'yar gidanmu ko in fasa bakinki." Kika sa Darakta ya ce wa mutanen na'ura ce ta samu matsala, a sake daga farko. To na karanta. Na rufe ido na yi yadda na saba, don na fi tsoronki a kan kamfani da Darakta a haɗe. Da na zo wurin dariya na yi shiru, don ban san wani abu ba sai shirun.

Ke kuma da kika karanta, wallahi tsigar jikina tashi ta yi. Ban taɓa jin an wanke matar mai gidan haya irin haka ba. Da kika ja numfashi za ki yi dariyar, tarin ya sarƙe ki, kika dafa bango, Injiniya ya sunkuyar da kai yana share ido da hularsa. Ban sani ba ko kin gani.

Abin da tsohuwar nan ta faɗa ta lasifika bai kamata ya tsaya miki a rai ba. "Ta biyun ta yi ƙoƙari, amma kwaikwayo take. Uwar Famfo tana da faɗa, amma ba ta da ɗaci haka." Me ta sani? Tela ai sai da ya yi ta jinkiri kafin ya bi sauran ya nuna ni. Na ga yadda ta toshe baki da mayafi da kika shiga ɗakin suka ga fuskarki, na kuma ji kin ce mata, "Kunnenki ƙalau yake, Inna." Ban gane abin da kike nufi ba, kuma tsoron ganewa nake.

Ga abin da na yanke. Zan ajiye wasan in koma kan injin buga rubutuna. In ba ni, dole su neme ki, da sharaɗi ko ba sharaɗi. Na rubuta takardar ajiyewar, kalma ɗaya nake jira daga gare ki in miƙa.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Na iso lafiya. Gwoggo lafiya, ta ce a duba mata mai ƙyanda. Ki gode wa maigidanki da ɗawainiyar jaka, ki kuma shafa man zafi a damtsen, ba zan ba da haƙuri a kansa ba.

Kalmar da kike jira ga ta: a'a. Ki yaga takardar nan. Ni na kafa sharaɗin da bakina, a gaban mutane aka kayar da ni, kuma ba ta ƙofar baya zan koma ba don ƙanwata ta ji tausayina. Na ƙi roƙon kamfani, sai in karɓi sadakarki? Duk abu ɗaya ne, kaya kawai aka sauya masa.

Abin da na gaya wa tsohuwar nan, shi nake nufi. Ta ji daidai. Ina karantawa ina jin abin da kaina. Uwar Famfo tana zagin mutum ne tana shirin cika masa bokiti, ni kuwa da na buɗe baki a kan matar mai gidan haya, so nake in ga bayanta. Can na samo wannan, tare da tarin, kuma ban san ranar da zai fita ba. Ya yi mini ciwo, ba zan yi miki ƙarya ba. A mota na juya fuska ga taga na yi kukan da kamfani ya so ya saya, kyauta, ba wanda ya gani sai wata akuya da aka ɗaure a bayan kujerata.

Abin da ba ki gani ba shi ne Darakta ya biyo ni har bakin get yana haki. Wai kada in tafi haka, za a ƙirƙiro mini wata sabuwar 'yar haya a wasan, in dai na daure na karanta 'yar takardar nan, ko rabinta ne. Na ce masa, "Darakta, da ina da wurin da zan koma ma ban karanta ba, sai yanzu?" Ya ce to me zan yi da rayuwata. Na ce abin da na ga dama, karo na farko cikin shekaru. Akwai masu wasan dandamali a nan garin da suke neman wadda za ta fito a muguwar mace, kuma ina jin yanzu ba wadda za ta kama ƙafata.

Abu biyu nake so a wurinki, kuma umarni ne. Ki sa Injiniya ya goge dariyar nan, mai ita ba ta yin ta yanzu, ba kuma za a ci gaba da danna ni kamar ƙararrawar ƙofa ba. Ki yi taki, ko da ta ƙofar kwanon ce, za su saba. Na biyu, ki ɗauke ɗankwalin nan ki zauna a kujerar. Mace ba ta riƙe famfon unguwa a tsaye kamar baƙuwa.

Jiya ruwanmu ya ɗauke, na ɗauki bokitin Gwoggo na tafi famfon bakin titi. Ina cikin layi wata mai takalmi mai tsini ta zo ta kutsa gaba. Ban san sanda na buɗe mata wuta ba, sai da ta koma ƙarshen layi tana gyara mayafi. Matar da ke bayana ta taɓa ni ta ce, "Baiwar Allah, kin san muryarki ta so ta yi kama da ta Uwar Famfo ta rediyo?"

Na ce mata, "Ƙanwata ce."

Ki gaishe da yaran.

Yayarki